Masu Awo a Gonar Iya

Ina yarinya, muna cire ciyawa da la'asar a gonar kakata Iya a Kakau, sai ga masu awo suna kafa turaku masu jan fenti. Har yau in na ji warin fenti, kewarta nake yi.

Babbansu ya gaishe ta, ya ce filin jirgin sama ya yi wa gari kaɗan, ana duba nan saboda gaba. Gonar nan kuwa ita ce abincinmu.

"Kafin girbi jirgin zai sauka?" in ji Iya.

"Haba Iya, sai yarinyar nan ta yi jikoki tukuna."

Ta sunkuya ta ɗauki fartanyarta.

"To matsa, ɗan nan, ka taka mini gyaɗa."