Tsirkiyar da Ta Tsinke a Bakin Kogi

Tun da aka kafa dokar gyara sauti, ba a ƙara jin kuskuren makaɗi ba. Kowa yakan zo taro da 'yar na'ura a kunne, ita ke tace masa abin da zai ji.

Ranar Asabar da la'asar, a filin bakin kogi, Ladidi ta tsaya gaban makaɗa arba'in da gogenta na Turawa. Tana tsakiyar kiɗan da ta shekara tana bita, sai tsirkiya ta tsinke. Ta sauke hannu.

Ba wanda ya lura. Jama'a na ta gyaɗa kai, idanu a lumshe, na'ura na kaɗa musu abin da ba ta kaɗa ba. Aka tashi da tafi.

A bakin ƙofa wani tsoho mai rake, marar na'ura, ya ce, "Sannu, 'yata. Na ji sanda ta tsinke."

Ladidi ta durƙusa. "Baba, kafin ta tsinke fa, ya kiɗan yake? Shekara bakwai ke nan ban sami wanda zan tambaya ba."