Kwas Ɗin Manaja

Akanta na uku ke nan da ya ajiye makullin ofis ya kama gabansa, ko sallama babu. Mai kamfanin, wanda surukin Manaja ne, ya kira shi ya ce, "Ka ga, 'ya na aurar maka, ba kamfani ba. In wani ƙwararre ya sake tafiya, ka bi bayansa."

 Manaja dai bai ga laifinsa ba. Mutum ne mai kula: yakan tsaya a kan ma'aikaci har ya gama buga takarda, yakan duba agogo in an shiga bayi, taron safe kuwa sai rana ta take yana ba su tarihin ƙuruciyarsa. In wannan ba ƙauna ba ce, mece ce?

Ana haka sakatariya ta shigo da albishir: akwai kwas a wani gari mai nisa kan dabarun riƙe ma'aikata, an biya masa komai. Manaja ya ce a ransa, tsohon nan faɗa ne kawai a baki, amma yana ƙaunarsa. Ranar tafiya har rige-rigen ɗaukar masa jaka aka yi.

Ya dawo da satifiket, ya tarar ba wanda ya gudu. Kafin kujera ta yi ɗumi an samo masa wani kwas ɗin, daga shi sai wani. Mai kula da kwamfutoci, wadda kamfanoni ke zawarci, ta daina ciwon kan da ke kama ta duk ranar da ake intabiyun ɗaukar aiki a kamfanonin maƙwabta. Sabon akanta har kumatu ya yi, ko da yake yanzu a ƙafa yake zuwa aiki.

Shekara ta zagayo ba a rasa ko masinja ba. Manaja, kai ya kumbura, ya je gidan suruki ya durƙusa.

"Baba, na gode da ɗawainiya. Ilimi ya samu. Daga yau na bar tafiye-tafiye, zan zauna daram a ofis in yi aiki da shi."

Tsohon ya zabura har tabarau ya faɗi.

"Kul! Rufa mana asiri, ɗan nan! Ni ko sisina ban kashe ba. Ma'aikatanka ne ke karo-karo duk ƙarshen wata, sun ce muddin kana hanya, su suna nan."