Kunnen Tatay

Kafin mahaifinmu, da muke kira Tatay, ya shigo rumfar ƙirarmu ta bayan gida a tsaunin Danao, na musanya bindigogi biyun da muka ƙera a kan benci. Ta ƙanena Dong na ajiye a gabana, tawa a gabansa. Duka ƙanana ne masu harbi shida, fasali ɗaya.

Wata uku ina cin ƙarfen tawa da magagari har tafina ya yi kanta, amma na san wa za a yaba. Kullum ƙanena ne. Idon mahaifinmu ya mutu, da kunne yake yanke hukunci.

Ya ɗauki ta gabana, ya juya gangar harsashin kusa da kunnensa, ya yamutsa fuska.

"Kai dai hannunka na fasa kwakwa ne."

Ya lalubo ta gaban ƙanena, ya juya, ya daɗe yana saurare. Sai murmushi.

"Ka ji aiki, Dong! Ka koya wa yayanka mana."

Na zuba wa ƙanena ido. Ya karɓi bindigar, ya shafa ƙotarta, ya gane ba tasa ba ce. Ya dube ni ido cikin ido.

"Na gode, Tatay," in ji shi.