Sadakar Arba'in a Gafasa

Badaru ya sauka daga lori a Gafasa, ɗinkin ƙirjinsa bai gama warkewa ba. A ƙofar gidansu ya tarar ana rabon sadakar arba'in.

Nan take ya gane kuskuren. A asibitin Ingila likitoci sun tsayar da zuciyarsa don su gyara ta, inji ya daɗe yana tura masa jini. Wanda ya kawo labari gida, "zuciyarsa ta tsaya" kawai ya ce.

Ya yi dariya. "Kawu Inuwa, ga ni da raina! A kira Inna ta gan ni."

Inuwa ya sunkuyar da kai. "Sadakar ba taka ba ce, ɗana. Da innarka ta ji saƙon, tata zuciyar ta tsaya. Mu nan ba mu da inji."