Gidan Abinci na Bakwai

Cokalin ya sake tashi sama, ya faɗa cikin miyar wani bawan Allah a teburin gefe. Ɗayyabu ya ba da haƙuri, ya tsamo shi da yatsu biyu, ya goge a gefen rigarsa. Mai aika-aikar kuwa, ɗansa Munzali, ya kife fuska a ƙirjinsa yana wani siririn kuka da ko fita ba ya yi sosai.

Wannan ne gidan abinci na uku da suka shiga tun safe, duk a bakin tashar Birnin Kudu. Yaron watansa ashirin da biyu, kwanansa goma sha ɗaya da yaye a ɗakin kakarsa Dada, kuma yau kwana huɗu ke nan babu abin da ya wuce maƙogwaronsa sai ruwa. An dama koko ya tofar. An jiƙa burodi a shayi ya kau da kai. Jiya a asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaga hannunsa, ta ga ya koma kamar sillen kara, ta ce in bai ci komai ba zuwa jibi da safe, a dawo da shi a zura masa roba ta hanci. Kalmar robar nan ita ta hana Ɗayyabu sukuni. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba a shekarunsa na tuƙin mota.

Da gari ya waye bai shiga layin lodi ba. Ya kwantar da yaro a kujerar gaba, ya tare shi da filo, ya bi gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya.

Ko'ina abu guda yake tambaya, faten tsaki. In babu, ya juya. In akwai, ya zauna, ya ɗebi cokalin farko ya kai bakinsa, ya daɗe yana juya shi a harshe, sannan ya miƙa wa yaron na biyu ba tare da wani ɗoki ba. Yaro ya buge cokali, uba ya biya, a bar kwano cike.

"Malam, ina uwar yaron nan?" in ji mai abincin, tana goge miyar da ta fallatsa. "Namiji da goyo a gidan abinci?"

"Ba ta gida, Inna," ya ce, idonsa na kan labulen da ya raba wurin zama da madafa.

A garin Sara ya gwada wurare biyu. A na farko Munzali ya ja ledar teburi, kofuna suka zube. A na biyu ya jiƙa benci da fitsari, wani ɗan kasuwa mai farar shadda ya miƙe yana faɗa, kamar shi daga haihuwa a masai ya fara. Mai wurin ta ce ya kwashe ɗansa ya kai asibiti, nan ba gidan raino ba ne. Ɗayyabu ya ɗauki ɗansa ya fita. Ya yi azahar a gindin darbejiya da yaron kwance a gefen sallaya, rabin hankalinsa a karatu, rabi a kan ƙirjin da ke hawa da sauka da ƙyar.

Sun shiga Gwaram bayan la'asar. Wuri na shida ba su yin fate. Munzali ya daina kukan ma gaba ɗaya, kansa sai lilo yake a kafaɗar ubansa, wannan shirun kuwa ya fi kukan tayar da hankali.

Na bakwai wata rumfar kwano ce a bayan masu facin taya, benci uku da labulen buhu. Yana zama ya ji wani mai cin abinci yana ƙorafi.

"Hajiya Safiyatu, sabuwar mai girkin nan taki ta cika yakuwa. Ga ƙauri kuma."

"Satinta guda da zuwa, Alhaji," in ji mai wurin. "Za ta gyara."

Aka ajiye wa Ɗayyabu nasa kwanon. Ya kai cokalin farko. Tsamin ya buge shi har kunne, ƙaurin gindin tukunya ya biyo baya. Bai juya shi a harshe ba wannan karon. Ya ɗebi na biyu, ya hura, ya kai kusa da hancin yaron.

Munzali ya buɗe ido. Ya shinshina, ya yi jim, sannan ya buɗe baki. Ya haɗiye ɗaya, ya haɗiye biyu. A na biyar ya ture cokalin ya cusa hannu cikin kwanon, yana ci yana shafe wa ubansa riga. Ɗayyabu, ƙato da gemu, ya zauna a gaban mutane hawaye na zuba, bai ko share ba.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Safiyatu. "Yau dai faten nan ya samu mai sonsa."

"Hajiya, don Allah ki leƙa ciki ki gaya wa mai girkin cewa Munzali ya ci abinci."

"Ta san shi ne?"

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai. Shekara huɗu ya yi yana mita a kan wannan ƙaurin, kuma a kansa ne, kwana goma sha ɗaya da suka wuce, ya kwance yaro daga bayan matarsa Ummussalma ya miƙa mata takardar saki. Danginta sun ƙi faɗa masa inda take, ya dai ji ƙishin-ƙishin tana yi wa wata mai abinci fate. "Ita ta haife shi, Hajiya," ya ce. "Tun safe hannunta nake nema."