Tauraron da Ya Nutse a Teku

Rannan na kai abinci zaure, na tarar maigida da ƙanensa suna gardama kan wata kalma da suka ji a rediyo. Wannan ya ce "ikweta", wancan ya ce "ikwaita". Ma'anar dai sun yarda layi ne da ya raba duniya biyu. Ina durƙushe ina zuba ruwa sai Baba, tsohon gidan da ke zaune a gefe, ya ce su saurara, ya ba su wannan misali.

Wani falke ne mai fataucin jar fata. Tun yana yaro mahaifinsa ya nuna masa tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, ya ce in ya sa shi a kafaɗar hagu to ya fuskanci gabas. Shekara talatin da shi yake neman alƙibla a daji. Da wani malamin makaranta ya gaya masa akwai inda tauraron ke ƙarewa, dariya ya yi, ya ce boko ya yi wa malam yawa. Ana nan sai fatauci ya sa shi a jirgin ruwa, suka nufi kudu. Kowace magariba ya duba, sai ya ga tauraron ya ƙara yin ƙasa. Ya sauko daidai tsayin giginya, ya sauko daidai tsayin mutum, har ranar da ya zauna a bakin ruwa kamar fitilar mai kamun kifi. Kashegari babu shi.

Falke ya yi alwala, ya tsaya da buzu a hannu. Ruwa gaba, ruwa baya, bai san inda zai shimfiɗa ba, ga lokaci na wucewa. Wani tsohon matuƙi ya kama kafaɗarsa ya juya shi, ya ce, "Nan ne alƙibla, Malam. Mun iso layin da ya raba duniya biyu. Tauraronka na nan, duniya ce ta shiga tsakaninku." Da ya sallame ya waiwaya kudu, ya ga taurari birjik waɗanda ko kakansa bai taɓa gani ba. Ya daɗe yana tasbihi, hawaye na bin gemunsa. Har ya rasu bai iya faɗin sunan layin daidai ba, amma ya tsaya a kansa.

Ni har na manta da butar da ke hannuna. Baba ya jawo kwano, ya ce, "Gani ya kori ji."