Famfon da Ya Fara Cizo

Tun da ka ce kai ba ka son a riƙa katse ka, to buɗe kunnenka, ba zan maimaita ba.

An yi wani mai gyaran talabijin da ya buɗe shago a zauren gidansu. Gwani ne, ban hana shi wannan ba, amma gwanintar ta hau masa kai. Wata rana ya sayo na'urar gwaji a gwanjo, mai gilashi a fuska. In ya ɗora tsinkenta a cikin talabijin sai wani koren zare ya riƙa rawa a gilashin, shi kuwa daga nan yake karanta inda ciwon yake. Sai dai duk sa'ad da ya jona ta, bireka da ke bangon zauren sai ta faɗi, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Aikin birekar nan ɗaya ne: in wuta ta bar hanyarta ta fara yoyo, ta yanke ta kafin ta sami jikin mutum. Ya ɗaga ta, ta faɗi. Ya sake ɗagawa, ta sake faɗi, a gaban masu kawo gyara, har wani ya yi dariya ya ce ashe likitan ma yana bukatar likita. Wannan dariyar ce ta ci masa rai. Kada ka ce bai sani ba, ya sani sarai cewa wani abu ne ya ruɓe a cikin na'urar, kuma abin da ya kamata shi ne ya kwance ta ya duba. Amma ya ce ba ya da wannan lokacin, talabijin sun taru har bakin ƙofa. Ya ɗauko waya ya tsallake birekar, ya murɗe, ya naɗe da baƙin salatif. Ta yi shiru. Shi a wautarsa ya ɗauka ya yi maganin abin.

Yoyon bai tsaya ba, mai faɗa kawai aka rufe wa baki. Akwai wata waya da ke kwashe ɓatacciyar wuta ta kai ta ƙasa, to tun ranar da aka haɗa wa gidan wuta, maimakon a kafa mata ƙarfe a rami, a jikin bututun famfon tsakar gida aka ɗaure ta don lalaci. Bututun kuwa samansa ne ƙarfe, ƙasansa roba. Wuta ta bi wayar ta taru a kan famfo tana jira. Mahaifiyarsa, tsohuwa, ita ta fara ji. Ta same shi a zaure ta ce famfon nan ya fara cizon ta. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Inna, sanyin ƙashi ne, ki shafa man zafi.” Matarsa ma ta gaya masa sai ta naɗe hannu da tsumma take iya buɗe ruwa, ya ce ta je ta ji da tukunyarta. Uwa ta faɗa, mata ta faɗa, ƙarfen bango ma ya faɗa iyakar faɗarsa, duk ya mai da su masu surutu.

Ranar da abin zai faru, an kira azahar, tsohuwa ta tuɓe takalmi ta tsaya kan jiƙaƙƙen siminti za ta yi alwala. Ta kama famfo, famfo ya kama ta. Hannun ya ƙi buɗewa, ko ihu ba ta iya ba. Allah ya sa matar tana daka, ita ta sa taɓarya ta doke hannun ya rabu da ƙarfen. A daidai lokacin ɗan nata yana zaure yana kallon koren zarensa, yana jin daɗi yau wuta ba ta ɗauke ba. Abin da aka sa don ya faɗi a madadin mutum, ɗan ya ɗaure shi tsaye, sai uwarsa ta faɗi.

Ta rayu, amma hannun dama ya tafi, ya ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa. Hannun da ta ba shi abinci da shi ke nan. Da hagu take jan carbi yanzu, tuwo sai an ba ta a baki. Ɗan ya cire wayar da ya tsallake birekar da ita, ya gyara na'urar, aikin da bai kai masa la'asar ba. Kullum in an kira salla shi ke durƙusawa da buta gabanta. Ba ta taɓa zagin sa ba, da ni ce da na zaga. Takan miƙa mataccen hannun ta ce, “Zuba,” shi ke nan.

Kai kuma da ke kumbura baki in an ce maka tsaya, ka sani mai katse ka ba maƙiyinka ba ne, akwai abin da ya ji wanda kai ba ka ji ba. Toshe masa baki ba ya toshe yoyo, kuma sau da yawa ba kai za ka fara taɓa ƙarfen ba. Hausawa sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.